Filin Zabira: "Kawu, duk ranar da nayi aski wuyana sai kace an watsa barkono"

Assalamu alaikum jama'ar wannan fili. Saƙonnin wannan makon kusan duk a wuya suka taru, kamar kun haɗa baki, dan haka na tsinto waɗanda amsarsu zata amfani kowa, sauran kuyi haƙuri sai wani makon in Allah Ya kaimu. Kamar kullum na cire sunaye.

Tambaya daga Obalende

Salam Kawu barka da aiki Allah ya ƙara basira. Ni aikin gadi nake a wani kamfani a Victoria Island kuma dokarsu itace kullum fuska ta zama tas babu ko ɗigon gashi, toh ni da kaina nake yi da asuba da aska irin mai cin rezar nan da ake karya reza biyu a saka rabi, kumatu da haɓa lafiya lau amma wuyana wlh da na gama sai raɗaɗi kamar an watsa barkono, bayan kwana biyu kuraje su feso wasu harda ruwa a ciki, ina goga sifirit ina sa hoda amma abin sai gaba yake, gashi kwalar yunifom tana gugar wajen in muka shiga go-slow zufa ta zubo sai naji kamar in cire rigar a cikin danfo. Dan Allah a taimaka min da shawara.

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana, sannu da fama. Baka faɗa min yadda kake jan askar ba amma zan iya rantsuwa daga ƙasa kake farawa ka turo ta sama zuwa haɓa, ka maimaita sau uku sau huɗu har sai ka shafa kaji sumul. Toh wannan sumul ɗin da kake nema shine ciwon naka. Ba askar bace da laifi, ba kuma jininka bane yayi datti kamar yadda masu maganin gargajiya na bakin tasha zasu gaya maka.

Abu biyu ne suke damunka kuma ba ɗaya bane. Na farko raɗaɗin da kake ji nan take, wannan kankare saman fata kayi, dan aska ba gashi kaɗai take ɗauka ba, duk wucewa ɗaya sai ta tafi da wani abu na fatar, kuma fatar wuya bata kai ta kumatu kauri ba, ga ta da laushi tana motsi, babu ƙashi a ƙarƙashi da zai tokare ta. Na biyu kurajen da suke fitowa bayan kwana biyu ko uku, su kuma gashinka ne da kansa yake sukarka. Gashinmu na baƙar fata a nannaɗe yake tun daga cikin raminsa, aska kuma tana yanke shi a karkace ta bar masa tsini, toh in ya fara tsiro maimakon ya miƙe sai ya lanƙwaso ya soki fatar dake gefensa ya shige. In kuma ka yanke shi ƙasa da saman fata, ko fitowa ma baya yi, tun a ciki yake huda bangon ramin ya bi ta gefe. Jiki kuma baya tambayar na waye, abu ya shigo masa kawai sai ya kumbura wajen ya tara ruwa. Likitocin fata sun daɗe da sanin wannan, har sojojin Amurka sun shafe shekaru suna ba wa masu irin matsalar takardar likita ta barin ɗan gajeren gemu, kuma mafi yawan masu karɓarta baƙar fata ne. Kaga kenan ba kai kaɗai bane.

Abu na farko da zakayi babu aska a cikinsa. Ranar hutunka ka bar gashin ya kwana biyu, ka tsaya gaban madubi da haske mai kyau ka shafa wuyanka da ɗan yatsa ta kowane ɓangare. Inda kaji santsi nan gashin ya kwanta, inda kaji kaushi ka saɓa masa. Zaka sha mamaki, dan mutane sun ɗauka gashin wuya ƙasa yake kallo gaba ɗaya, alhali a wajen mutane da yawa na ƙasan muƙamuƙi ne yake sauka, na gindin wuya sama yake hawa, na gefe kuma ya karkata wajen kunne, wani ma yana da ƴar cibiya a gefen maƙogwaro inda gashin yake juyawa. Wanda bai san wannan ba ko daga sama yake jan aska zuwa ƙasa, rabin wuyansa saɓawa yake bai sani ba. In zaka manta ka ɗauki hoto da waya. Daga ranar, aska inda gashi ya kwanta nan zata bi, ko da hakan na nufin ka juya hannunka sau huɗu a wuya ɗaya.

Sai jiƙa gashi. Nasan da asuba kake fita kana tseren motar farko, amma busasshen gashin gemu tauri gare shi sosai, in ya sha ruwan ɗumi minti 2 zuwa 3 sai yayi laushi askar ta wuce ba gardama. Mafi sauƙi kayi askin bayan wanka, ko ka tsoma ƙaramin tawul a ruwan ɗumi ka naɗe wuyan kana lazimi. Ɗumi nace ba tafasasshe ba, masu ƙona wuyansu da sunan buɗe ƙofar gashi wahala kawai suke ƙara wa fatar. Kuma ka lura da ruwan unguwarku, akwai rijiyoyi da bohol a Legas da ruwansu yake da gishiri-gishiri ko ƙarfe, sabulu baya kumfa dashi yadda ya kamata, in naku haka yake ledar fiya wata ɗaya ta isheka aski.

Kumfa kuma ba ado bace, itace take sa aska ta zame. Sabulun wanki da sabulun maganin nan masu ƙarfi ka barsu, busar da fata suke. Ka nemi kirim ɗin aski wanda bashi da turare da yawa, wanda aka rubuta na fata mai laushi ne, ka dama shi da ruwa yayi santsi, kada yayi kauri ya bushe a wuya. In ya fara bushewa kafin ka iso wajen ka ƙara. Wasu suna shafa ɗigon man zaitun kafin kumfar, in fatarka bata yawan maiƙo babu laifi.

Yanzu riƙon askar. A kumatu ana ɗaga bayanta kamar digiri 30, wato tazarar kaurin bayan askar sau biyu tsakaninta da fata. A wuya ka rage, ka kwantar da ita sosai har bayan ya kusa taɓa fata. Da ka miƙar da ita tsaye ta daina yanka ta koma kankara, zaka ji ƙarar ma ta canza tana ƙarr ƙarr. Kada ka danna, ko kaɗan, nauyin askar ya isa, barin ma irin taka mai cin reza wacce tafi askar wanzamai ta gargajiya rashin yafiya saboda bakin reza siriri ne ƙwarai. Ja gajere gajere, kamar faɗin yatsa biyu, ka goge kumfar ka ci gaba. Kuma inda aska ta wuce ta kwashe kumfa kada ka koma wajen a bushe, wannan ɗan komawar da ake yi "bari in ƙarasa nan" ita tafi komai jawo raɗaɗi.

Maganar jan fata kuwa anan nake saɓawa da abokan sana'a da yawa. Gaskiya ne ba'a aski da aska sai an ɗan miƙar da fata, in ba haka ba ta tattare ka yanke. Amma akwai miƙarwa akwai ɗamewa. In ka ɗaga haɓa sama har ƙarshe kana kallon silin sannan ka sa yatsu ka ja, gashin yana leƙowa waje fiye da ƙima, ka yanke, kana saki ya koma ciki ƙasa da fata, shikenan ka shuka ƙurji. Ka ɗaga haɓa kaɗan, ka ɗan juya kai gefe, fata ta kwanta daidai kawai.

Wucewa ɗaya. A wuya wucewa ɗaya tak, bin kwanciyar gashi. In ka shafa zaka ji ɗan kaushi, ka barshi. Oganka da ido yake dubawa daga nesa ba shafa wuyanka zaiyi ba, kuma wuya mai ɗan kaushi yafi wuya mai kuraje da jini a kwala kyan gani. Reza kuma sabuwa duk aski, rabin reza nawa take, kada ka tsaya tattalin abinda zai sa ka kashe kuɗin kemis.

In ka gama ka wanke da ruwan sanyi, ka dafa tawul a hankali banda gogawa. Sifirit ka rabu dashi, wannan zafin da mutane suke ji suce magani yana aiki, fata ce mai rauni aka zuba wa barasa, busar da ita yake ya ƙara mata fushi. Haka turare, mu Hausawa da son fesa turare a wuya, ranar aski ka fesa a riga. Alimun yana da amfani, ka jiƙa shi ka shafa sama-sama yana tsayar da ɗan jini yana kuma nuna maka inda ka danna da yawa dan nan ne zai fi cizo, amma bayan minti ɗaya ka ɗauraye, in ka barshi shima busarwa yake. Daga nan ka shafa man kaɗanya ɗan mitsitsi, ori da Yarabawa suke sayarwa a kowace kasuwa, ka murza a tafin hannu ya narke tukunna. Kaɗan nace, dan garin nan da gumi, in ka lafta zai haɗu da zufa da ƙurar titi ya toshe ramukan. Hodar ma bana sonta akan fatar da aka aske yanzu, da zufa ta zo dunƙulewa take.

Kwala kuma in da hali ka bar maɓallin sama a buɗe har ka isa wajen aiki, ka riƙe hankici mai tsabta kana dafe zufar. In zaka iya mayar da askin dare bayan isha'i ma yafi, fatar ta kwana ta huta kafin ta haɗu da kwala da rana.

Amma fa duk wannan bayan wuyan ya warke ne. Yanzu da kake da kuraje masu ruwa, ɗora aska akansu yanke kawunansu kawai kake kana yaɗa ƙwayar cuta. Abinda yake warkar dasu shine a bar gashin ya tsiro, gashi yana yin wajen santimita 1 a wata, cikin sati 3 zuwa 4 waɗanda suka soki fata da kansu suke fizgowa su fito. Nasan zaka ce aiki, toh ka samu kilifa mai caji ka riƙa rage shi kana barin kamar milimita 1, daga nesa tas ake gani, a wannan tsawon kuma bashi da damar komawa ciki. In ogan ya matsa kaje asibiti likita ya duba ya rubuta maka takarda, sau da yawa takarda tana yin abinda roƙo baiyi ba.

Tambaya daga Idi-Araba

Kawu ni matsalata ɗaya ce, zakaran wuyana babba ne kuma duk aski sai na yanke akansa, har abokaina sun gane ranar da nayi aski da ɗigon jini a wuyan kaftani. Ya ake yi ne?

Amsa

Ƙanena ba'a hawa kansa da aska. Sa yatsa ka jawo fatar dake kansa zuwa gefe, ta sauka akan waje mai laushi, ka aske ta a can, ka saki, ka jawo ta ɗaya gefen. Ko kuma ka haɗiyi yawu ka riƙe, zakaran zai hau sama ya baka daƙiƙa biyu uku, ka wuce sau ɗaya. Kada kayi magana ko dariya aska tana wajen. Shaddar da aka dannawa sitati kuma ka bari sai washegari, ko kayi askin Juma'a tun daren Alhamis.

Tambaya daga Agege

Assalamu alaikum Kawu, ni mace ce amma ina bin filin nan saboda maigidana. Wuyansa duk yayi baƙi-baƙi da tabo saboda kurajen aski, shi kuma baya iya haƙuri kullum yana gaban madubi da allura ko tsinken sakace yana tono gashin yana tuge shi da ɗan hantsaki, na siyo masa wani kirim a kemis da akace haɗi uku ne yana maganin komai, da farko abin ya kwanta har wajen yayi haske amma da ya daina sai ya dawo yafi da, yanzu tub na huɗu muke. Shin mu ci gaba ko akwai wanda yafi shi?

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya saka miki da kula da maigida. Ku dakata da kirim ɗin nan. Irin waɗannan masu haɗi uku akasari akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi a ciki, ki duba jikin kwalin zaki ga an rubuta betamethasone ko clobetasol. Shine yake kwantar da kumburi cikin kwana biyu mutum yaga kamar an dace, shine kuma hasken da kika gani, amma in aka daɗe ana shafawa fatar sirancewa take, ta riƙa tsagewa, wasu sababbin kuraje su fito, in akwai makero a wajen ma ya samu gindin zama. Fatar da ta sirance kuma aka ɗora mata aska, kin san sauran. Tunda har ya shanye tub uku, kada ku tsaya gwaje-gwaje, yaje yaga likitan fata ya faɗa masa sunan kirim ɗin da tsawon lokacin da yayi yana shafawa, likitan ne zai tsara masa yadda zai rabu dashi dan wani lokacin in an yanke farat ɗaya fatar tana tayar da bore. Akwai likitocin fata a asibitocin koyarwa na LUTH da kuma LASUTH dake Ikeja, ku da kuke Agege Ikeja ta fi muku kusa.

Tonon kuma shi yake kawo baƙin tabon, dan fatarmu duk inda ta ji ciwo baƙi take bari, wani tabon sai yayi watanni kafin ya dushe. Tuge gashi daga saiwa yafi komai muni, saboda sabon da zai tsiro daga can ƙasa zai taso, kafin ya iso waje ya riga ya karkace. In gashin yana nan ana ganinsa ya lanƙwasa kamar baka, ana iya sa allura sabuwa mai tsabta a ɗago bakin da ya shige kawai a barshi a tsaye, ba'a tugewa, ba'a haƙa. Wanda ba'a gani a barshi. Abinda yafi sauƙi ma, kafin ya kwanta ya samu buroshin haƙori mai laushi wanda aka ware dan wannan, ko tawul da ruwan ɗumi, ya riƙa zagaya wuyan dashi a hankali, yana ɗago gashin kafin su soki fata.

Magungunan da likitoci suka saba bayarwa ba ɓoyayyu bane, akwai benzoyl peroxide na kashi 2.5 ko 5 ga kuraje masu ruwa, sai dai ki sani yana cin kalar kaya, kada ya kwanta dashi akan zanin gadonki mai tsada, akwai masu salicylic ko glycolic acid da suke rage matacciyar fatar dake rufe bakin gashi, akwai hydrocortisone na kashi 1 mai sauƙi wanda ake shafawa kwana kaɗan a daina. Wanne ya dace dashi, wannan aikin wanda ya ga wuyan ne. Man bilicin dai kada ki bari kowa ya baki da sunan goge tabo.

Tambaya daga Mile 12

Kawu barka. Ina harkar tumatir da tattasai a kasuwa. Da naje gida Katsina aka bani askar kakanmu cikin zabirarsa dan mu gidan wanzamai ne amma ni ban koya ba, inaso in riƙa amfani da ita, sai dai tana jan gashi tana sa min hawaye musamman a wuya kuma tun da na kawo ta Legas take yin tsatsa alhali a gida shekara da shekaru batayi ba.

Amsa

Ɗan gidan wanzamai da tambayar yadda ake wasa aska, Allah Ya kyauta, Legas ta cinye mana ku. Toh ɗana askar da take ja ta dakushe, kuma dakusasshiyar aska tafi mai kaifi ɓarna a wuya nesa ba kusa ba, dan ita ce take sa ka danna ka maimaita. Gwajin mai sauƙi ne, ka ɗora ta a gashin hannunka ba tare da dannawa ba, in bata kwashe shi salin-alin ba kada ta je wuyanka.

Dutse da fata aikinsu daban. Dutse yana cin ƙarfe ya fito da sabon baki, wannan ba kullum ake yi ba sai ta dakushe sosai, kuma ban baka shawarar ka fara koyo akan askar gado ba, ka kai wa tsohon wanzami, akwai su nan kasuwarku da Agege, ka zauna ka kalli hannunsa. Dutsen masu wasa wuƙar mahauta ko injin nan mai tartsatsi kuwa ko kusa, minti ɗaya zai kashe maka ita. Fata ita ce ta kullum, kafin kowane aski, tana miƙar da bakin ne ya daidaita. Ka ɗaure fatar ta miƙe, ka kwantar da askar gaba ɗaya bayanta da bakinta suna taɓawa, ka ja bayan yana gaba bakin yana binsa, in ka kai ƙarshe ka juya ta akan bayanta ba akan kaifin ba, ka dawo. Kamar sau 30 zuwa 40, a hankali, sauri ba gwaninta bane anan.

Tsatsa kuma iskar garin ce. Katsina a bushe take, nan kuwa ga teku ga laima, baƙin ƙarfe irin na maƙeranmu kwana ɗaya zaka barshi da danshi ya fara ja. Kana gamawa ka wanke, ka goge ta ƙarƙaf har cikin maƙalar, ka barta ta sha iska, ka shafa mata ɗigon man keke ko man jarirai, kuma kada ka ajiye ta a banɗaki. Zabirar fata ma tana riƙe danshi a damina, ka naɗe askar a busasshen ƙyalle tukunna. In tsatsar ta ci bakin har yayi ƴan ramuka, sai an wasa an wuce wajen kafin ta taɓa fata. Kuma ka fara koyo a kumatu, sati biyu uku, wuya shine ƙarshen darasi.

Tambaya daga Ijora

Malam ni direban tirela ne muna kwana a layin Apapa, wajen wanzamin bakin hanya nake gyaran fuska da aski, yana goge askar da sifirit wani lokacin ya kunna mata laita. To yanzu wasu kuraje masu tauri sun fito min a ƙeya suna ƙaiƙayi, wasu sun fara haɗewa gashi baya fita a wajen. Wani yace askar ce ba tsabta.

Amsa

Direba sannu da hanya. Na ƙeya daban ne da na gaban wuya, kuma shi nafi jin tsoro. Yana farawa ƙanana masu tauri a layin da ake yanka gashin ƙeya, in aka ci gaba da bin wajen da aska ana kankarewa, kwala da hula suna guga, sai su haɗe su zama tudun tabo mai sheƙi wanda gashi baya sake fitowa akai. Ba lallai daga askar wani ka ɗauka ba, yawanci yanayin fatar mutum ne da yawan aske wajen tas. Daga yau kace a daina sa maka aska a ƙeya, a rage da kilifa sama-sama, kuma tunda sun fara haɗewa kaje asibiti da wuri, a farkonsa ana shawo kansa da magani da allurar da ake yi a cikin tabon, in ya girma sai an kai ga tiyata. Masu cewa a kawo su ƙona maka da ruwan batir ko man birki ko a yanke da aska, ka gudu, na ga ƙeyar da aka yi wa haka, tabon ninkuwa yake.

Maganar tsabta kuma, ko ba ita ta kawo wannan ba, dole in faɗa duk da ƴan uwana wanzamai ba zasu ji daɗi ba, dama ance wanzami baya son jarfa. Goge aska da auduga sau ɗaya ko wuce ta ta harshen laita na daƙiƙa biyu baya bada tabbas. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini akan ƙarfe aƙalla kwana 7, kuma yankan da ido baya gani ya isheta shiga. Wuya mai kuraje kuwa kullum sai an fasa ɗaya. Ka sayi askarka mai cin reza ka ajiye a mota, ko ka tsaya a ɓare sabuwar reza a gabanka, wanzamin kirki bazai ji haushi ba, da yawansu ma yanzu da kansu suke miƙo maka ka ɓare. Tawul da buroshin kumfa su ma abin lura ne, in zaka iya ka riƙe naka. Sannan kaje a gwada jininka, in baka da ita kayi rigakafi, allura 3 ce cikin wata 6. Sai a 2004 aka sa ta cikin rigakafin jarirai a Najeriya, dan haka duk wanda ya girmi wannan shekarar kada ya ɗauka anyi masa.

Tambaya daga Sabo, Yaba

Kawu hodar nan da ake damawa a shafa ta cinye gashi ba sai an sa aska ba, tafi aska ga mai kuraje?

Amsa

Ga wasu eh, dan tana narkar da gashin ne bata bar masa tsini ba, shi yasa kurajen suke raguwa. Amma sinadari ne mai ƙarfi, mai fata mai laushi tana iya ƙona shi fiye da aska, ga wari. In zaka gwada ka shafa a ɗan waje ƙarami a gefen wuya ka jira kwana ɗaya ka gani, ka duba lambar NAFDAC, ka bi mintocin da aka rubuta a gwangwanin da agogo a hannu kada ka ƙara ko ɗaya, kada ka shafa akan ƙurji ko yanka, kuma kada ka haɗa ta da aska a rana ɗaya wai zaka ƙarasa inda ta bari. In ka ji ta fara cizo kafin lokaci ya cika ka wanke kawai da ruwa mai yawa.

Mai tambaya akan furfurar gemu da lalle daga Ketu, da mai tambayar askin jariri ranar suna daga Ajegunle, naku yana layi sai mako mai zuwa insha Allah.